Wa Ke Kashe Sojojin Jiki? Tambayar Da Ta Shekara 30 Tana Wahalar Da Masu Binciken Ƙanjamau

A shekarar 1986 wasu masu bincike a ɗakin gwaje-gwajen Robert Gallo, a Cibiyar Nazarin Sankara ta Amurka, suka zauna yin ƙidaya. Sun ɗebi jinin masu ɗauke da bairos ɗin HIV, suka shimfiɗa fararen ƙwayoyin jinin a kan gilashi, suka zuba musu wani sinadari da ke sa alama a kan duk ƙwayar da bairos ke hayayyafa a cikinta, sannan suka leƙa ta madubin likita. Mutanen da aka ɗebi jininsu garkuwar jikinsu tana rushewa, don haka kowa ya zaci za a ga gilashin ya cika da alama. Sai ga shi a cikin ƙwaya 10,000, wani lokaci ma 100,000, guda ɗaya tak ce ke ɗauke da ita.

Wannan ƙidaya ta dagula lissafin da ake ganin an riga an kammala. Tun a watan Yunin 1981, lokacin da likita Michael Gottlieb ya ba da rahoton wasu samari biyar a Los Anjalis masu fama da wani ciwon huhu da ba ya kama mai lafiya, an lura cewa wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini ya kusa ƙarewa a jikin irin waɗannan majinyata. Su ne ƙwayoyin CD4, waɗanda ma'aikatan asibitocinmu ke kira sojojin jiki. Aikinsu shi ne su gane abokin gaba, su tashi sauran ƙwayoyin garkuwa, su nuna wa kowace inda za ta sa gaba. Mai lafiya yana da tsakanin 500 zuwa 1,500 a cikin ɗan ɗigon jinin da bai wuce kan allura ba. Idan bairos ya shiga jiki kuma ba a sha magani ba, adadin yakan riƙa zaizayewa da 50 zuwa 100 a shekara, har bayan kimanin shekara 10 ya faɗo ƙasa da 200. A nan ne tarin fuka, sanƙarau, gudawar da ba ta tsayawa da sauran cututtuka ke samun ƙofa a buɗe, a nan ne kuma ake cewa ƙanjamau ya bayyana.

A 1983 Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier suka gano bairos ɗin a Cibiyar Pasteur da ke Faris. A 1984 aka tabbatar cewa furotin ɗin CD4 da ke bayan waɗannan ƙwayoyi shi ne ƙofar da yake shiga ta cikinta. Magana ta zama kamar ta fito fili: bairos yana shiga soja, ya hayayyafa, ya fasa shi, ya wuce na gaba. To amma idan ɗaya cikin 10,000 kaɗai ya shiga, ko da duk wanda ya shiga ya mutu a ranar, jiki zai mayar da gurbinsa ba tare da ya ji a jikinsa ba. Sauran 9,999 ɗin fa, wa ke kashe su?

Kada mai karatu ya ɗauka wannan gardama ce ta malamai da ba ta wuce bangon jami'a ba. A 1987 Peter Duesberg, wani farfesa a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili, ya riƙe wannan giɓi a matsayin ɗaya daga cikin manyan hujjojinsa, ya ce bairos ɗin da bai shiga ko'ina ba ba zai iya rusa garkuwar mutum ba, saboda haka HIV ba shi ke haddasa ƙanjamau ba. Masana sun yi watsi da shi, domin shaidar da ta zo daga waɗanda aka ƙara wa jini mai ɗauke da bairos da jariran da suka ɗauka daga iyaye ta fi ƙarfin musu. Amma maganar ba ta mutu ba. A shekarar 2000 shugaban Afirka ta Kudu Thabo Mbeki ya gayyaci Duesberg cikin kwamitin ba shi shawara, gwamnatinsa kuma ta yi ta jan ƙafa wajen raba magani. Wani nazari na Jami'ar Harvard da aka buga a 2008 ya ƙiyasta cewa jinkirin ya ci rayuka sama da 330,000 tsakanin 2000 da 2005. Tambayar da kimiyya ta bari a buɗe, wasu sun shiga ta cikinta sun yi ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Amsoshin farko sun zo da sauri, sun kuma wuce da sauri. An ga cewa a cikin kwalbar gwaji ƙwayar da ta kamu tana iya manne wa lafiyayyu da dama su narke su zama ƙatuwar ƙwaya guda wadda ba ta daɗewa, amma da aka duba jikin majinyata ba a cika ganin hakan ba. Wasu suka ce sojojin jiki na wani rukuni ne ke kashe 'yan'uwansu bisa kuskure. A 1991 Jean-Claude Ameisen da André Capron a Faransa suka kawo shawarar da ta fi daɗewa: ƙwayoyin CD4 kashe kansu suke yi. Kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana da tsarin mutuwa na cikin gida da ake kira afoftosis, wanda take kunnawa idan ta tsufa ko ta lalace. A 1995 Terri Finkel da abokan aikinta a Denba suka duba kaluluwar yara masu HIV da ta birai masu irin bairos ɗin, suka sa alama iri biyu, ɗaya ga ƙwayoyin da bairos ke hayayyafa a ciki, ɗaya ga masu mutuwa. Alamomin biyu ba su cika haɗuwa a kan ƙwaya guda ba. Masu mutuwar akasari maƙwabta ne, waɗanda a ido babu abin da ya taɓa su.

A watan Janairun wannan shekara ta 1995 aka yi zaton an warware komai. Tawagar David Ho a Niyok tare da masanin lissafi Alan Perelson, da tawagar George Shaw a Alabama, suka buga sakamako iri ɗaya a mujallar Nature. Sun ba majinyata sababbin magunguna masu ƙarfi da ke hana bairos hayayyafa, suka riƙa auna jininsu a kai a kai. Cikin mako biyu yawan bairos ya yi mummunar faɗuwa. Ma'anar hakan ita ce shekarun nan 10 da ake ɗauka bairos kwance yake yana barci, ashe yaƙi ake gwabzawa dare da rana. Lissafin da suka fitar a 1996 ya nuna jiki yana samar da bairos kusan biliyan 10 a kullum, kuma ƙwayar da yake hayayyafa a cikinta kimanin kwana biyu take yi a raye. Ho ya kwatanta abin da kwatami mai famfo da magudana: famfo na zuba sababbin sojoji, magudana na kwashewa, har ranar da famfon ya gaji.

Wannan aiki ya sauya tarihin cutar, domin shi ya share fagen haɗa magunguna uku a lokaci guda, kuma daga 1996 mutanen da ke bakin kabari suka fara tashi. Sai dai bai amsa tambayar 1986 ba. Frank Miedema da abokansa a Amsterdam sun nuna cewa hauhawar CD4 da ake gani a makonnin farko na shan magani, yawancinta ba sababbin ƙwayoyi ba ne, tsofaffi ne da suka maƙale a kaluluwa suka dawo cikin jini. Kuma har a lokacin, ko da na'urorin da suka fi na 1986 gani, adadin ƙwayoyin da bairos ke hayayyafa a cikinsu bai kai ko kusa da adadin da ke salwanta ba.

A ganina babban abin da ya jinkirta amsar shi ne wurin da ake nemanta. Jini ne ya fi sauƙin ɗiba, allura ɗaya ta isa, don haka kusan duk binciken shekarun farko a kan jini aka gina shi. Alhali kuwa jini bai ɗauke da fiye da kashi 2 cikin 100 na irin waɗannan ƙwayoyi ba. Hanya ce kawai da suke bi. Mazauninsu na ainihi shi ne kaluluwa, saifa, da kuma bangon hanji, inda suke zaune a cushe, kafaɗa da kafaɗa. Tun a 1993 tawagar Anthony Fauci da ta Ashley Haase suka nuna cewa a lokacin da jini ke nuna kamar lafiya lau, kaluluwa cike take da bairos. Amma abin da ya girgiza masana ya zo ne a 1998, lokacin da Ronald Veazey da Andrew Lackner suka sa wa birai bairos ɗin SIV, ɗan'uwan HIV, suka duba hanjinsu. Cikin mako biyu zuwa uku mafi yawan ƙwayoyin CD4 na bangon hanjin sun ɓace, jini kuwa bai nuna wani babban sauyi ba. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.

A 2004 tawagogi biyu, ta Daniel Douek da Jason Brenchley da kuma ta Martin Markowitz, suka tabbatar da haka a jikin mutane. Akwai hotuna biyu da suka fito daga wannan aiki waɗanda duk wanda ya gani ba ya mantawa. An zura ƙaramar kyamara zuwa ƙarshen ƙaramin hanji. A hanjin mai lafiya bangon cike yake da ƙananan tudu-tudu, kowanne tarin ƙwayoyin garkuwa ne da ke gadin wurin. A hanjin wanda ya kamu bangon ya zama sumul, tudun sun baje. Dalilin da ya sa hanji ya fi shan wahala shi ne bairos yana buƙatar ƙofa ta biyu bayan CD4, wadda aka gano a 1996 mai suna CCR5, kuma sojojin hanji sun fi na ko'ina yawan wannan ƙofa. Wato tun a watan farko, kafin mutum ya san ya kamu, lokacin da bai ji komai ba sai ɗan zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da zai ɗauka na cizon sauro ne ko mura, an riga an yi masa babbar ɓarna a ciki.

Ɓarnar kuma ba ta tsaya nan ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2006 Brenchley da Douek suka nuna cewa ɓurɓushin bakteriyar da ke zaune a hanji yana yoyo zuwa cikin jinin masu HIV. Garkuwar jiki tana ganin wannan ɓurɓushi ta ɗauka an kawo hari, sai ta tashi tsaye, kuma ba ta sake zama ba, shekara da shekaru. Wannan ya haɗu da abin da marigayiya Janis Giorgi ta Jami'ar Kalifoniya a Los Anjalis ta daɗe tana faɗa tun farkon shekarun 1990: idan kana son sanin wanda cutar za ta yi saurin kayarwa, ka auna yadda garkuwarsa ta harzuƙa, domin wannan ma'auni yakan fi yawan bairos ɗin kansa faɗin gaskiya. Sojan da aka tayar yana rarrabuwa, ya yi aiki, ya mutu. Idan ana tayar da shi kullum ba hutu, mutuwar tana fin haihuwa yawa. Ƙari a kan haka, sojan da ya tashi shi ne abincin da bairos ya fi so.

Shaida mafi ƙarfi a kan wannan ta fito ne daga dazuzzukan Afirka ta Yamma. Akwai wani biri mai launin toka da ake kira mangabe, wanda ke zaune daga Senegal zuwa Kodebuwa, kuma daga jikinsa ne HIV-2 ya tsallako zuwa mutane, kamar yadda HIV-1 ya tsallako daga birin cimfanzi a kudu maso gabashin Kamaru. Mangabe yana ɗauke da SIV a jininsa da yawan da ya kai ko ya zarce na mutumin da ba ya shan magani, amma yana tsufa da abinsa lafiya ƙalau. Haka ma birin tantalus da ake samu a dazukan arewacin Najeriya, Kamaru da Chadi. A 2003 Guido Silvestri da abokansa a cibiyar Yerkes da ke Atlanta suka nuna bambancin: garkuwar mangabe ba ta zama a harzuƙe. Bincike na baya ya ƙara bayani cewa tana tashi a makonnin farko, sannan ta lafa. Ɗauki wannan bairos ɗin ka sa wa birin makak na Asiya, wanda kakanninsa ba su taɓa haɗuwa da shi ba, garkuwarsa za ta tashi ta ƙi kwanciya, ya kamu da ƙanjamau ya mutu. Bairos ɗaya, yawa ɗaya, ƙarshe daban. Ke nan ba yawan bairos kaɗai ke kisa ba, da hannun martanin jiki a ciki.

Saura a ga yadda kisan ke faruwa a cikin ƙwaya guda. Wannan aiki ya faɗo hannun Warner Greene da Gilad Doitsh a Cibiyar Gladstone da ke San Faransisko. Maimakon jini, sai suka riƙa karɓar tonsil, naman nan biyu na gefen maƙogwaro da likitoci ke cirewa idan sun dami mutum, da kuma saifa, suka raya ƙwayoyinsu a cushe yadda suke a jiki. Suka sa musu HIV da aka gyara yadda duk ƙwayar da ya hayayyafa a cikinta za ta yi hasken kore. 'Yan kaɗan ne suka yi kore, amma cikin kwanaki kusan duk ƙwayoyin CD4 suka mutu. Ga tambayar 1986 ta bayyana a cikin faranti, inda za a iya juya ta yadda ake so.

Dabarar da suka bi tana da daɗin bibiya. HIV yana da matakai: ya manne, ya shiga, ya kwafe bayanan halittarsa daga RNA zuwa DNA, ya dasa wannan DNA a cikin na ƙwayar, sannan ya fara ƙera 'ya'ya. Kowane mataki akwai maganin da ke tare shi. Da suka sa maganin da ke hana shiga, maƙwabtan ba su mutu ba. Ashe sai bairos ya shige su suke mutuwa, wato su ma an taɓa su. Da suka sa efabirenz, wanda ke hana kwafin farawa, ba su mutu ba. Da suka sa AZT, wanda ke barin kwafin ya ɗan fara kafin ya yanke shi, sun mutu. Da suka sa maganin da ke hana dasawa, nan ma sun mutu. Saboda haka kisan yana faruwa ne a tsakanin fara kwafi da dasawa. Sun buga wannan a mujallar Cell a 2010, suka ce sama da kashi 95 cikin 100 na ƙwayoyin da ke mutuwa a farantin irin waɗannan ne.

Bayanin shi ne mafi yawan sojojin da ke kaluluwa a kwance suke suna hutawa, kuma ƙwayar da ke hutawa ba ta ajiye kayan ginin DNA da yawa. Akwai ma wani furotin mai suna SAMHD1 da ke lalata ɗan abin da ke akwai. Bairos ya shiga, ya fara kwafi, kaya suka yanke masa, aikin ya tsaya a rabi. Guntayen DNA suka taru a inda bai kamata a ga DNA ba. A watan Disambar 2013 tawagar ta fitar da sauran labarin a Nature da Science: wani furotin mai gadi, IFI16, yana ganin guntayen, ya tayar da wani sinadari mai suna kasfes-1, ƙwayar ta kashe kanta. Shi ya sa ƙidayar 1986 ba ta gan su ba. Alamar da aka sa tana kama ƙwayar da bairos ya yi nasara a cikinta ne kawai, waɗannan kuwa bairos bai yi nasara ba, sun mutu ne a kan hanyar hana shi.

Kuma irin mutuwar ba wadda Ameisen ya zata ba ce. A afoftosis ƙwaya tana ƙanƙancewa, ta kakkarye zuwa ƙananan ƙunshi a rufe, masu shara su zo su haɗiye, ba wanda ya ji. Wannan kuwa, da ake kira fayiroftosis, ƙwayar kumbura take yi, fatarta ta huhhuje, ta fashe ta watsar da abin da ke cikinta, har da sinadarin da ke kawo zazzaɓi da kumburi, wanda ke kiran sauran sojoji su zo. Kamar mutum ne a ƙauye lokacin hunturu ya ga maciji ya shige jinkar ɗakinsa, ya cinna wa ɗakin wuta yana kururuwa. Idan maciji ɗaya ne, an yi asarar ɗaki an huta, kuma haka dabarar ke aiki a kan bakteriya irin ta taifot. Amma a nan ramin macizan yana ɗakin da ke kusa, wanda wutar ba ta taɓa ba, don haka duk maƙwabcin da ya sheƙo kawo ɗauki sai ya koma da nasa macijin, shi ma ya ƙone nasa ɗakin. A 2015 tawagar ta ƙara gano abu biyu: kisan ya fi faruwa ne idan ƙwayar da ta kamu ta manne wa lafiyayya ta zuba mata bairos kai tsaye, kuma ƙwayoyin CD4 da aka ɗebo daga jini ba sa yin irin wannan mutuwa. Wanda ya shekara 20 yana duban jini ba zai taɓa ganin abin ba.

Ba na cikin masu cewa magana ta ƙare a nan. Alƙaluman kashi 95 daga farantin gwaji suka fito, kuma jikin mutum ya fi faranti faɗi. Ƙwayoyin da bairos ya yi nasara a cikinsu suna mutuwa ta wasu hanyoyin: tawagar Gary Nabel ta nuna a 2013 cewa yankan da ake yi wa DNA lokacin dasawa yana iya kunna mutuwa, sojojin wani rukuni da ake kira CD8 kuma suna farautar duk wadda suka gane. Hatta mai gadin da ke kunna wutar ana gardama a kansa. Liang Shan na Jami'ar Washington da ke Sent Luwis ya nuna a 2021 cewa wani furotin mai suna CARD8 yana jin almakashin da HIV ke yanka furotin ɗinsa da shi, kuma a 2024 tawagarsa ta ba da rahoton cewa wannan almakashi da ke zuwa cikin bairos yana iya tayar da fayiroftosis da zarar ya shiga ƙwaya mai hutawa. Sun kuma ga cewa a jikin biran Afirka da ba sa yin ciwo, CARD8 ya samu sauyin da ya raunana shi. Ko IFI16 ne ya fi tasiri ko CARD8, hukuncin da shaidu suka taru a kai ɗaya ne: bairos ne ke tsokana, amma mafi yawan kisan da hannun jiki ake yin sa. Da ɗan gari akan ci gari.

Akwai ɗaya fuskar labarin da ta fi wannan ciwo. Yayin da ƙwayoyin da suka hana bairos ke mutuwa, wasu 'yan kaɗan da ya yi nasarar dasa kansa a cikinsu suna rayuwa. HIV yana da furotin mai suna Nef da ke janye tutar da ƙwaya ke ɗagawa don sanar da CD8 cewa ta kamu. Wasu ƙwayoyin kuma bayan dasawar sai su koma barci, bairos ya yi shiru a cikin DNA ɗinsu, babu abin da garkuwa ko magani zai gani. A 1997 tawagogi uku, ciki har da ta Robert Siliciano a Jami'ar Johns Hopkins, suka same su a jikin mutanen da magani ya danne bairos ɗinsu har ba a ganinsa a jini. Kusan ɗaya ce cikin miliyan na sojojin da ke hutawa. Sai dai waɗannan ƙwayoyi ne da aka halitta don su daɗe, su ne ke riƙe wa jiki tarihin cututtukan da ya taɓa yi, irin su ƙyanda. Siliciano ya auna cewa rabinsu kan ɗauki wata 44 kafin su ƙare, wanda ke nufin sai an shekara sama da 70 ana shan magani kafin a share su. A 2014 aka gano cewa suna ma rarrabuwa, kowace ta haifi irinta da bairos a ciki.

Wannan shi ne dalilin da ya sa idan an daina shan magani bairos yakan dawo cikin mako biyu zuwa huɗu. Akwai jaririyar jihar Misisifi ta Amurka da aka fara ba magani tana da awa 30 a duniya, aka daina tana da wata 18, ta yi wata 27 ba a ga bairos a jininta ba, duniya ta fara murna, sai ya dawo a 2014. Saboda haka duk mai maganin da ya nuna maka takardar gwaji mai cewa ba a ga bairos ba ya ce shi ya warkar da mai ita, bai nuna maka komai ba face cewa bairos yana ɓoye. A 2007 shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya yi iƙirarin yana warkar da cutar da haɗin ganyayyaki, ya sa majinyata suka ajiye magungunansu, kuma hukumar binciken gaskiya ta ƙasar ta tabbatar daga baya cewa wasunsu sun rasu. 'Yan tsirarun da aka tabbatar sun warke, irin su Timothy Ray Brown da aka yi wa dashen ɓargo a Balin a 2007, sun warke ne ta hanyar aiki mai haɗarin gaske da aka yi musu saboda sankarar jini.

Abin da wannan doguwar tambaya ta sauya a asibiti shi ne lokacin fara magani. Da can likita kan ce a jira sai CD4 ya sauko zuwa 200, daga baya aka ce 350, sannan 500, bisa tunanin cewa kafin nan jiki yana riƙe da kansa. Yanzu an san a shekarun jiran nan wuta ke ci. Timothy Schacker da Ashley Haase a Minesota sun nuna tun 2002 cewa kumburin da ya daɗe yana barin tabo a cikin kaluluwa, tabon kuma yana toshe wuraren da sababbin sojoji ke samun abin da ke raya su. Shi ya sa da yawa daga cikin waɗanda suka fara magani a makare ba sa komawa 500 ko bayan shekaru, alhali bairos ɗinsu a danne yake. A 2015 manyan gwaje-gwaje biyu suka rufe gardamar. TEMPRANO, wanda aka yi a Kodebuwa da mutum 2,056, ya nuna fara magani da wuri ya rage mutuwa da munanan cututtuka da kashi 44 cikin 100. START, da mutum 4,685 a ƙasashe 35, ya samu ragin kashi 57. A watan Satumban shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk wanda aka samu da HIV a fara ba shi magani ko nawa ne CD4 ɗinsa, Najeriya kuma ta ɗauki tsarin a 2016.

Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da HIV a Najeriya, kuma yankin arewa maso yamma ne ya fi ƙarancinsa, da kashi 0.6 cikin 100. Ina jin tsoron kada wannan ƙaranci ya sa mu sakankance, domin inda cuta ba ta da yawa a nan ne ba a cika tunaninta ba, a nan ne kuma kunya ta fi hana mutum zuwa gwaji sai ya kwanta. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, jin ƙarfi a jiki ba shaida ba ce, tunda ɓarnar farko a hanji da kaluluwa take, inda ba ka gani ba ka ji. Ka je a gwada ka, kai da iyalinka, musamman kafin aure da lokacin goyon ciki. Idan an same shi, ka fara magani a makon, kada ka jira ka rame. Idan kana sha har an ce ba a ganin bairos a jininka, ka gode wa Allah ka ci gaba da sha, kada ka ajiye saboda maganar kowa.